Daɓen Ɗakin Jariri

Jama'a, ni dai a ganina ba mu kula da daɓen ɗakin jariri yadda ya kamata. Yaro mai rarrafe, duk abin da hannunsa ya taɓa, baki zai kai. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a Zamfara saboda ƙurar dalma, domin ana daka duwatsun zinariya cikin gidaje. Saboda haka kada a yi daɓe da ƙasar da ba a san inda aka haƙo ta ba. Sabuwar leda mai warin roba ma ban yarda da ita ba. Gara siminti sumul, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a shimfiɗa tabarmar kaba wadda ake wankewa a shanya. Malamai, mu gargaɗi iyaye.