Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Naira 750. Abin da aka shafe sama da shekara goma ana biyan asibiti ke nan duk wata a kan kowane mutum ɗaya mai katin inshorar lafiya ta ƙasa, ko ya je ko bai je ba, ko zazzaɓi ya kai shi sau ɗaya ko sau huɗu. A cikin wannan kuɗi ake so likita ya duba ka, a gwada jininka, a ba ka magani, a biya nas albashi, a zuba wa janareta mai. An yanke farashin a 2012, lokacin dala ba ta wuce naira 160 ba, aka bar shi yana barci har dala ta haura 1,500. Don Allah, wane mai hankali ne ya zauna ya ga wannan lissafin zai fita?

Kai ma da ke riƙe da katin ka san yadda abin yake ƙarewa. Kana miƙa shi fuskar ma'aikaci ta sauya, a nuna maka benci ka zauna, wanda ya zo da kuɗi a hannu ya wuce ka. In ka samu ganin likita, ka isa wurin karɓar magani a ce ya ƙare, je ka saya a waje. Sai ka fita kana tsine wa nas. Ni ma raina yana ɓaci da su, amma tsarin ne ya koya wa asibiti cewa ribarsa tana cikin rashin zuwanka. Ranar da ka zo, asara ka kawo masa. Ka biya, ko an biya maka, amma kallon mabaraci ake yi maka.

Wannan ma ƙaramin ciwo ke nan. In abu ya kai ga tiyata ko ganin babban likita, ba likitan da ke tsaye a kanka ne mai magana ta ƙarshe ba. Sai an nemi lambar izini daga kamfanin HMO, ɗaya daga cikin dillalan da aka ajiye tsakanin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da asibiti. Mara lafiya yana kwance yana nishi, 'yan'uwa suna safa da marwa, ana jiran wani da ke zaune a ofis a Legas ko Abuja, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ga dama ya amsa. An yi aikin kuma, asibiti ya tura takardun neman kuɗinsa, sai a shiga jan ƙafa, wata da watanni, a zaftare wannan, a ce wancan ba ya cikin tsari. Likita ya yi aiki, nas ta kwana a tsaye, su suka sha zagin jama'a, kuɗin yana kwance a asusun wani. Farfesa Usman Yusuf, lokacin yana shugabantar hukumar, ya fito fili ya zargi waɗannan kamfanoni da riƙe kuɗin asibitoci. Shi ya bar kujerar a 2019. Su suna nan daram.

Za a ce ai an gyara. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025 har ya kai naira 1,450, an kuma ce a riƙa ba da lambar izini cikin awa ɗaya. To, madalla. Amma je kantin magani da naira 1,450 ka ga abin da za ka fito da shi, bayan kamfanonin magani irin su GSK sun tattara nasu ya nasu a 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Ƙarin da ya makara shekara goma, kafin ya iso tsada ta riga ta cinye shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta mayar da inshora dole a kan kowa. Dole a kan talaka ya shiga, amma ina dolen da ke kan mai biya ya biya a kan kari? A Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ko kusa ba. Masu yanke mana wannan farashin ba sa zama a bencinmu. Ciwon kai ya kama su, sai Landan.

Hukumar inshorar, wato NHIA, ta san ranar da ta tura wa kowane kamfani kuɗi, tana kuma iya sanin ranar da ya biya asibiti. Ta wallafa mana ranakun nan biyu duk wata, kamfani bayan kamfani, da sunansa. Wanda ya riƙe kuɗin asibiti ya wuce wa'adi, a ƙwace lasisinsa.