Wa Ke Binciken Salular Da Ake Saida Wa Talaka?

Ranar 24 ga watan Oktoba 2023, kamfanin WhatsApp ya daina aiki da duk wata salula mai manhajar Android ta ƙasa da lamba 5. A Yamai ba wanda abin ya girgiza, domin ma'aikata suna sake waya kamar yadda suke sake riga. A ƙasar Kurfai kuwa, inda gidaje da yawa suke dogara ga ƴan cirani na Abijan da Kwatano da Ikko, saƙon murya shi ne wasiƙa, shi ne kuma shaidar cewa an aiko kuɗin hatsi. Wayar lafiyarta lau, tana kira, tana haska ɗaki, amma an yanke mata hukunci daga Amurka ba tare da an ji ta bakin mai ita ba.

Ga yadda abin yake. Google ne ke ƙera Android, shi ne kuma ke toshe ɓarakar da aka gano a ciki. Sai dai gyaran ba ya isa hannun mai waya sai kamfanin da ya haɗa wayar ya yarda ya aiko da shi, kuma a kan wayar araha yardar ba ta daɗewa. A 2015 aka gano ɓarakar da ake kira Stagefright, wadda saƙon hoto ɗaya kan isa a shiga wayar mutum ta hanyarta. An ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Masu tsada sun samu magani. Sauran fa?

Akwai abin da ya fi wannan muni. A 2020 masu binciken Secure-D suka bayyana cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 sun fito daga kwali ɗauke da muguwar manhaja mai suna Triada, a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru. Aikinta shi ne shigar da mai waya cikin hidimomin biya a ɓoye, kuɗin kiransa su yi ta zurarewa. Kamfanin Transsion ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara. To, makiyayin Tukunus da bai iya karatun Faransanci ba, ta ina zai san an fitar da gyara? Shi dai ya ga katin jaka guda ya ƙare kafin la'asar, ya zargi ɗansa.

Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla. Amma gargaɗin da waya ke nuna wa mai ita a kasuwar Filinge, da harshen nasara yake zuwa, mutum ya danna abin da bai fahimta ba. Ko ƙ da ɗ da ƴ sai wanda ya san hanya ke tono su.

Muna da hukumar ARCEP, muna da jami'an duwan a kan iyaka. Abin da muke nema bai fi ƙarfinsu ba: kada a shigo da salula sai an rubuta a jikin kwalinta, da Hausa da Zabarmanci, shekarar da kamfani zai daina aiko mata gyara, kuma ɗan kasuwar da ya shigo da ita ya amsa tambaya in ta fito da cuta.