Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi

A wannan mako za mu yi magana ne a kan cin zali tsakanin 'yan makaranta, wato irin wanda babba yake yi wa ƙarami, ko mai ƙarfi yake yi wa marar ƙarfi, sauran yara kuwa suna tsaye suna kallo. Maganar ba ƙarama ba ce, domin a cikin shekarar 2019 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar da rahoto cewa kusan ɗaya daga cikin kowaɗanne ɗalibai 3 a duniya ya gamu da cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi.

A cikin watan Satumba na 2007, a wata makarantar sakandare mai suna Central Kings da ke lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, wani sabon ɗalibi ya zo ranar da aka buɗe makaranta sanye da riga mai launin ruwan hoda. Sai waɗansu suka tasa shi gaba da ba'a da baƙaƙen maganganu saboda launin rigar, har suka yi barazanar dukansa. Da labari ya kai kunnen waɗansu 'yan ajin ƙarshe su biyu, David Shepherd da Travis Price, ba su nemi masu cin zalin da faɗa ba, ko da yake sun girme wa yaron da aji uku. Abin da suka yi shi ne suka tafi kanti suka sayo riguna 50 masu launin ruwan hoda, suka aika wa abokansu saƙo a daren nan. Kashegari da safe suka rarraba rigunan, waɗansu kuma suka zo da nasu daga gida, har ɗaruruwan ɗalibai suka cika makaranta da launin da aka yi wa yaron nan dariya a kansa.

To, mai karatu ya lura da hikimar da ke ciki. Mai cin zali ba don yana jin yunwar duka yake duka ba, neman suna yake yi a idon jama'a. Dariyar 'yan kallo ita ce ladarsa, shirunsu kuwa shi ne izninsa. Ran da ya waiwaya ya ga jama'ar duk ta koma bayan wanda yake zalunta, ran nan kasuwarsa ta watse. Da samarin nan biyu sun rama da duka, da sun ƙara yawan masu duka ne kawai a makarantar.

Masana ma sun tabbatar da haka. Tun a 1996 Farfesa Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a ƙasar Finland ta nuna cewa ban da mai zalunci da wanda ake zalunta, akwai masu taya shi, da masu zuga shi da dariya, da masu kawar da kai, sa'an nan da masu kare wanda ake zalunta. A kan wannan ne aka gina shirin KiVa, wanda aka fara tsarawa a 2006, aka bazu da shi makarantun ƙasar a 2009. Manufarsa ita ce a mayar da 'yan kallo su zama masu kariya.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Yanzu a Kanada ana sanya rigar ruwan hoda ranar Larabar ƙarshe ta watan Fabrairu kowace shekara, UNESCO kuma ta keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba don yaƙi da cin zali a makarantu, aka fara a 2020.

Mu dawo gida. A makarantunmu na kwana an san yadda waɗansu manyan ɗalibai suke sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa, su ƙwace musu guzuri, su sa su tsallen kwaɗo ba da laifin komai ba, wai da sunan horo. Wanda aka yi wa bana kuwa sai ya ƙudura zai rama a kan na baya. Wannan gadon banza ba zai yanke ba sai an sami 'yan babban aji da za su ce a kansu ya ƙare. Ba sai an sayi riga ba. Zama kusa da yaron da aka ware a ɗakin cin abinci, da ƙin yin dariya, da sanar da malami tun abu bai ɓaci ba, duk sun isa.

Iyaye da malamai kuma, a riƙa yabon yaron da ya tsaya wa na ƙasa da shi kamar yadda ake yabon wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.