Baƙin Man Suya: Ina Duba-gari Suka Shiga?

Haba jama'a! Sai yaushe za a daina ɗura mana man da ya mutu tun shekaranjiya? Leƙa kaskon mai suyar kifi ko kaji a bakin titi, za ka tarar da mai baƙi ƙirin yana kumfa yana tuƙa hayaƙi. Da safe a tace, a ɗan tsiyaya sabo a kai, a mayar wuta.

Tacewa kuwa ɓurɓushi kawai take kwashewa. Mai yana tuya ne a zafin da ya kai digiri 180, kuma a wannan zafin iska na cinsa, ruwan da ke fita daga ƙullun ƙosai ko jikin kifi yana farfasa shi ya saki sinadarai masu tsami. Ragowar su harhaɗe su yi kauri, shi ne danƙon nan da ke manne a bakin kasko, wanda soso ba ya fitarwa. Duk sa'ad da aka maimaita, man zai fi saurin hayaƙi, kuma hayaƙin na ɗauke da akrolin, mai sa ido hawaye da maƙaƙin wuya. Mai suyar ma ita ce ta farko wajen shaƙarsa. Sabon da aka ƙara bai cire gurɓatar ba, tsohon ne zai lalata shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, auna wannan ɓarna ba wani aiki ba ne. Akwai ƴar na'urar hannu da ake tsomawa cikin mai da zafinsa, nan take ta nuna kashi nawa ne ya gurɓace. Akwai ƴar takarda mai sauya launi idan tsamin ya yi yawa. A Jamus idan gurɓatattun sinadaran suka wuce kashi 24 cikin 100, man ya tashi daga aiki. A Faransa kashi 25. Indiya, inda suyar bakin titi ta fi tamu yawa, ta kafa iyakar kashi 25 tun 2018, har ana tattara tsohon man a mayar da shi man dizal.

Mu kuwa sai dai a duba da ido, alhali mai na iya lalacewa tun bai yi baƙi ba.

Ban ga laifin baiwar Allah mai ƙosai da tsadar man gyaɗa ta sha wa kai kamar na manyan gidajen abinci ba, masu tsawwala kuɗi amma suna ƙyashin zubar da jarka ɗaya. Ta kansu ya kamata a fara. NAFDAC da ma'aikatun lafiya na jihohi, ku ba duba-gari na'urar nan, su shiga kicin-kicin ba sanarwa, wanda aka kama a ci shi tara.