Sharhi: Wa zai kula da ciwon zuci a Imanan idan kuɗin agaji suka ƙare?

A Bonkuku, babban garin Imanan, an fi jin zancen farashin dankali da na gero a kan zancen lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tillaberi ya bar ciwon da ba a gani da ido. A ranar 9 ga Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar. A ranar 15 ga Maris ɗin 2021 kuma, 'yan bindiga suka hallaka mutane 58 da ke dawowa daga kasuwar Banibangu. Abala a ƙarƙashin Filinge take kafin 2011, kuma zumunta da kasuwanci sun haɗa ta da Banibangu da Kurfai da Imanan. Wanda ya tsira daga irin wannan hari, sau da yawa gidan dangi yake sauka, da firgici da rashin barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2019 cewa a yankunan da ke fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, tun daga damuwa mai tsanani har zuwa taɓin hankali. A Nijar kuwa likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan ne, kuma sashen da kowa ya sani, wato Pavillon E, yana babban asibitin Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge. Ga kuɗin mota, ga tsoron a ce wane ya haukace. Shi ya sa iyalai ke fara zuwa wajen malam ko 'yan bori.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin agaji suka shigo cikewa. Gidauniyar COOPI ta ƙasar Italiya, wadda aka kafa a 1965, ta yi shekaru tana aikin kwantar da hankalin waɗanda rikici ya shafa a jihohin Diffa da Tillaberi, tare da shirin lafiyar ƙwaƙwalwa na ma'aikatar lafiya. Tsarin mhGAP da OMS ta fitar a 2008 shi ne ginshiƙin irin wannan aiki: a koya wa malamin asibiti na CSI ya gane ciwon, ya saurari marar lafiya, ya ba da magani, mai tsanani kuma ya tura shi gaba.

Sai dai aikin ya jingina da kuɗin waje, kuma kuɗin na ja da baya. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare. A cikin gida ma, hukumomi sun janye izinin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, suka rufe ofishin CICR a Fabrairun 2025. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ba ya jiran sabon shiri. Wanda aka katse masa magani, ciwonsa na iya dawowa fiye da da.

Don haka ma'aunin nasarar gidauniya shi ne abin da za ta bari bayan tafiyarta: ma'aikatan CSI da suka samu horo, magani mai sauƙin kuɗi a kantin asibiti, da limamai da hakimai da suka san lokacin da ya kamata a ce wa iyali su tafi likita. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci suna sauraren masu damuwa, kuma bincike ya tabbatar da amfanin hakan. Imanan ba ta rasa irin waɗannan iyaye ba, musamman cikin ƙungiyoyin mata masu noman rani. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar magajin gari da hukumar lafiya ta Filinge su sa wannan aiki cikin kasafinsu, ko da kaɗan ne, tun kafin masu agaji su naɗe tabarma.