Kamaru: 'ya'yan Hausawa na shiga ajin Ingilishi, iyaye na neman ta inda za su kama

A unguwar Briqueterie ta Yawunde da New Bell ta Duwala, haka ma a Garwa da Ngaundere, ba abin mamaki ba ne yanzu a ga magidancin da ya yi karatunsa da Faransanci, ko wanda allo kaɗai ya yi, ya kai ɗansa makarantar da Ingilishi ne harshen darasi. Dokar ƙasa ta ba shi wannan zaɓi. Tsarin mulkin Kamaru ya ɗauki Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma masu daraja ɗaya, kuma dokar ilimi ta 1998 ta tabbatar da tsarin karatu biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɗaya yana ƙarewa da Baccalauréat, ɗaya da GCE.

Dalilan iyaye ba ɓoyayyu ba ne. Ɗan kasuwan da ke saro kaya a Kano ko Dubai ya san abin da Ingilishi ke buɗewa. Jami'o'in Najeriya da Gana ma da shi suke koyarwa. Akwai kuma lissafin jarrabawa: a tsarin Faransanci sai ɗalibi ya tsallake Probatoire kafin ya kai ajin ƙarshe, alhali a GCE kowane darasi da sakamakonsa, wanda ya faɗi ɗaya bai rasa sauran ba. Rikicin da ya ɓarke a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma tun ƙarshen 2016 ya koro malamai da ɗalibai da dama zuwa Duwala da Yawunde da Bafusam, abin da ya ƙara yawan masu koyarwa da Ingilishi a biranen da Faransanci ya fi ƙarfi.

Sai dai biyan kuɗin makaranta shi ne mafi sauƙin aikin. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana jin Hausa wajen uwarsa, Faransanci ko Fulatanci a titi, Larabci a makarantar allo, Ingilishi kuwa a cikin aji kawai, na 'yan sa'o'i. Da an tashi makaranta, harshen ya tsaya a bakin ƙofa. Idan ya dawo da aikin gida, babu mai karanta masa umarnin da ke saman shafin.

A nan ne wasu iyaye ke yanke shawarar da ta fi cutarwa: su hana yaro Hausa a gida, su riƙa yi masa 'yan kalmomin Ingilishin da suka tsinta a kasuwa. Niyyar mai kyau ce, amma abin da ke biyo baya shi ne hira ta ragu. Uwar da za ta iya kwashe rabin sa'a tana ba ɗanta labarin yadda ake rini ko dalilin da ya sa damina ke makara, ta koma "zauna", "zo", "tafi". Yaro bai sami Ingilishi mai kyau ba, ya kuma rasa dogon zancen da ke gina tunaninsa.

Masanin ilimi Jim Cummins, wanda ya yi aiki a kan 'ya'yan baƙin haure a Kanada, ya bambanta abu biyu. Harshen hira, na wasa da gaisuwa, yaro kan kama shi cikin kimanin shekara 2. Harshen karatu kuwa, wanda ake bayanin lissafi da tarihi da kimiyya da shi, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Wannan tazarar ce ke ruɗar iyaye. Uba ya ji 'yarsa tana zuba Ingilishi da ƙawayenta, ya ɗauka an gama, sai sakamako ya fito ya ga ta faɗi, ya ce wasa ta sa a gaba. Sau da yawa ba wasa ba ne. Tambayar jarrabawar ce ba ta gane ba. Cummins ya kuma nuna cewa abin da yaro ya fahimta da harshensa na farko ba ya ɓacewa idan ya koma na biyu. Wanda ya san ma'anar riba da faɗuwa daga shagon babansa, sunan Ingilishi kawai ya rage masa.

Saboda haka taimakon da ya fi amfani ba ya buƙatar iyaye su iya Ingilishi. Uwa ta ce wa yaro ya faɗa mata da Hausa abin da aka koya yau. Idan ya iya, ya gane darasin. Idan ya tsaya yana maimaita jimlar malam kamar karatun hadda, to ga inda matsalar take, kuma an gano ta tun kafin ƙarshen zango. Haka nan a sa shi ya karanta shafi da ƙarfi, sannan ya fassara. Ko wanda bai san baƙi ɗaya ba yana iya jin inda murya ke tuntuɓe, yana iya duba littafin rubutu ya ga ko malam na gyarawa da jan biro ko makonni sun wuce ba a taɓa shi ba. Gidan da ke da littattafan Hausar boko yana da wata riba: haruffan kusan ɗaya ne, kuma Hausa yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta, saɓanin Ingilishi mai yawan tarko. Yaron da ya fara gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa a harshen da yake ji, ya rage wa kansa rabin wahala.

Batun lokaci ma sai an zauna an tsara shi. Tsakanin allo da asuba, boko da rana, Islamiyya da yamma, da aiken gida, wanda ya fi faɗa wa 'yan mata, yaro kan kai dare ba shi da sauran ƙarfi. Minti 20 na karatu kullum a wuri mai haske ya fi sa'a 3 ranar Lahadi.

Wayar salula kuwa tana ba da kunne, ba ta ba da alƙalami. Zanen barkwanci na Ingilishi yana gyara lafazi, amma ba ya koya wa yaro rubuta sakin layi.

Inda ya kamata iyaye su fi sa ido shi ne zaɓen makaranta. Allon da aka rubuta "bilingue" a bakin ƙofa ba shaida ba ne. A tambaya ko makarantar na da izinin ma'aikatar ilimi, wace jarrabawa ɗalibanta ke zanawa, ɗalibai nawa ne a aji, kuma da wane harshe malamai ke magana idan sun fita tsakar makaranta. Sannan wanda ya zaɓi tsari ɗaya ya daure a kansa. Cire yaro daga ajin Ingilishi bayan shekara 3 a mai da shi na Faransanci don sakamako ya yi ƙasa, daidai lokacin da harshen karatun ke shirin zama, yakan bar shi a tsakiya, bai kai nan ba bai kai can ba.

Makarantu su ma suna da nasu nauyin. Taron iyaye da ake yi da Ingilishi zalla, ko takardar sakamako da ba mai bayaninta, yana korar mutanen da aka fi buƙatar haɗin kansu. Samun tafinta ɗaya daga cikin iyayen ba ya cin ko dala.

Gwamnatocin yankin ba su da matsaya ɗaya a kan wannan. A watan Oktoban 2025 ministan ilimin Gana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin koyarwa da harshen gida a azuzuwan farko. A watan Nuwamba takwaransa na Najeriya, Tunji Alausa, ya soke irin wannan manufa ta 2022, ya mai da Ingilishi harshen darasi tun daga tushe. Ga Bahaushen zango a Akara ko Kumasi, umarnin Gana bai warware masa komai ba, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyar da su. Ɗansa zai fara da Ga ko Twi ne, sannan Ingilishi. A Kamaru ma ba da Hausa ake darasi ba, kuma dokar harsunan hukuma ta Disambar 2019 Faransanci da Ingilishi kaɗai ta shafa.