Duhun Awa Shida Ba Makanta Ba Ne

Manomin shinkafa ko masuncin da ya taso daga Lolo, can kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, ya niƙi hanya har Birnin Kebbi don a duba masa ido, ya cancanci a yi masa bayani kafin a ɗiga masa magani. Mutum kan fito daga ɗakin likita ya tarar gari ya yi masa hazo, rana kuma tana kashe masa ido. In ba a gaya masa dalili ba, labarin da zai kai gida shi ne asibiti ya rage masa gani, maƙwabtansa kuwa su ƙi zuwa.

Dalilin hazon sananne ne. Likita yakan ɗiga magani don ya buɗe ƙofar hasken da ke tsakiyar ƙwayar ido, ya hango jijiyar da ke can ciki. Galibi ƙarfin maganin kan sake bayan awa 4 zuwa 6, wani iri kuwa, watau atropine, yakan wuce mako guda. Fitilar dubawa ita ma takan bar duhu na 'yan mintoci, haka kuma tsoro ko yunwa kan sa jiri har ido ya rufe.

Amma akwai duhun da ba a wasa da shi. In ido ya yi ja bayan ɗiga magani, ga zafi mai tsanani da ciwon kai da amai, to, hawan jinin ido ne ake tsoro, sai a koma asibiti nan take. Haka nan idon da ya ɗauke farat ɗaya sa'an nan ya dawo, yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki.

Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar masu shekara 40 zuwa sama ana iya hana ta ko warkar da ita, yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Wanda tsoro ya hana zuwa asibiti yakan faɗa hannun masu ture yana da tsinke a kasuwa, an gudu ke nan ba a tsira ba.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta wajabta wa ma'aikatanta yin wannan bayani da harshen da majiyyaci ke ji, a kuma hore shi ya zo da ɗan rakiya, kada ya tuƙa babur ko kwalekwale sai idonsa ya washe. Ma'aikata da ɗalibai 'yan asalin wannan yanki kuwa, ku ne jama'a ke saurara in kun je gida. Ku faɗakar da iyayenku, domin rashin sani ya fi dare duhu.